Canza Bututun Dalma: Darasi Daga Birane Biyu na Amurka

Dalma ƙarfe ne mai laushi wanda aka daɗe ana ƙera bututun ruwa da shi. Sai a shekarar 1986 Amurka ta hana sa sababbi, amma tsofaffin suna nan binne tsakanin babban bututun titi da gidajen jama'a. Idan ruwa ya ci cikin bututun, sai dalma ta narke a ciki. Ba a ganinta, ba ta da wari ko ɗanɗano, kuma tafasa ruwan ba ya fitar da ita. A jikin yaro takan bi hanyoyin sinadarin kalsiyam, ta taru a ƙashi, ta kuma dakushe ƙwaƙwalwa.

A watan Afrilun 2014 birnin Flint na jihar Mishigan ya koma shan ruwan kogi ba tare da zuba maganin da ke hana cin bututu ba. A Satumban 2015 likitar yara Mona Hanna-Attisha ta nuna cewa dalma ta ƙaru a jinin yaran garin. Sai dai gargaɗin bai isa kowane gida ba. Yawancin sanarwar da Turanci aka yi ta, saboda haka wasu masu jin Sifaniyanci suka ci gaba da shan ruwan. Baƙi marasa takardun zama kuwa sun ji tsoron buɗe wa jami'ai ƙofa, kuma da farko akan nemi katin shaida a wasu wuraren rabon ruwa. Coci-coci da 'yan sa-kai masu jin harshensu ne suka kai musu labari.

Birnin Newark na jihar New Jersey ya gamu da wani cikas daban. Yawancin mazauna garin 'yan haya ne, masu gidajen kuwa ba a samunsu cikin sauƙi. A 2019 aka kafa dokar da ta ba da damar canza bututu ko da mai gida bai sa hannu ba, aka mayar da aikin kyauta, aka kuma bi gida-gida ana bayani. Cikin ƙasa da shekara 3 aka canza bututu kimanin 23,000.

Haƙa rami da sa bututun jan ƙarfe aikin 'yan sa'o'i ne. Abin da ke cin lokaci shi ne samun amincewar mutanen gida. Ma'aikaci ba ya shiga sai an buɗe masa, kuma mutum yakan buɗe ne ga wanda ya yi masa magana da harshen da yake ji.