Tafkin Walden: Wurin Hutu Mai Tarihi

'Yan'uwana mata da 'yan makaranta, yau za mu leƙa ƙasar Amurka. A can kowace jiha tana da dazuzzuka da tafkuna da gwamnatinta ta keɓe don jama'a su riƙa shan iska. Wanda zan ba ku labarinsa shi ne Tafkin Walden, a gefen garin Concord cikin Jihar Massachusetts, kamar mil 20 daga birnin Boston.

Lokacin zafinsu, kafin a koma makaranta, shi ne kasuwar wannan tafki take ci. Iyaye mata kan ɗauko guzuri da yara, a yi iyo, a zaga bakin ruwa a ƙafa. Ba a shiga da kare, ba a shiga da giya. In mutane sun cika sai masu tsaro su rufe ƙofa har wasu su fita, don tattakin ƙafa yana zaizaye gaɓar tafkin.

To, me ya kawo wannan cinkoso, alhali tafkuna sun yi yawa a jihar? Littafi ne. Ran 4 ga Yuli 1845 wani marubuci, Henry David Thoreau, ya tare a wani ɗan ɗaki da ya gina da hannunsa a filin abokinsa Emerson. Tsawon ɗakin ƙafa 15, faɗinsa ƙafa 10, kuɗin da ya kashe kuwa dala 28 da 'yan kai. Ya noma wake, ya auna zurfin tafkin ya sami ƙafa 102, yana rubuta abin da ya gani. Ran 6 ga Satumba 1847 ya tashi, a 1854 kuma littafinsa mai suna Walden ya fito. A 1922 masu filin suka ba jihar kyauta. Yanzu an gina kwatankwacin ɗakin da gado da kujeru uku, a ainihin wurin kuma akwai tarin duwatsu da baƙi suke ƙarawa ɗaya-ɗaya. Kada ku zaci ya ƙaurace wa duniya ne fa, shi da kansa ya ce bayan kwana ɗaya ko biyu yakan taka zuwa gari ya ji labarai.

Amma ni wadda ta fi tsaya mini a rai mace ce, Zilpah White. Baƙar fata ce da ta fito daga bauta, ta zauna ita kaɗai a wannan daji shekaru da dama kafin Thoreau, tana kaɗi tana sayar wa mutanen gari don ta ci da kanta. Zamanin yaƙin Amurka da Ingila na 1812 aka cinna wa gidanta wuta ba ta nan, kajinta da karenta da kyanwarta suka ƙone. Shi ya zauna don ganin dama, ita kuwa don ba ta da wani wurin. Layi kaɗan ya ba ta a littafinsa, yawancin masu iyo kuma ba su san da ita ba.

'Yan makaranta kuwa, in an bar tafki aka shiga gari, ga gidan Louisa May Alcott nan, inda ta rubuta Little Women a 1868, labarin 'yan mata huɗu da uwarsu. Tana yarinya ta san Thoreau, har ya koya mata sanin tsirrai da tsuntsaye.