Tsohuwar Bindiga da Sabon Harsashi

Sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a shekarar 1945, rumbunan makaman Ingila sun cika maƙil da bindigogin Lee-Enfield, dangin waɗanda sojojinmu suka saɓa a kafaɗa a dajin Bama, ga kuwa baitulmali ya rame saboda bashin yaƙi. A cikin wannan tarin akwai wasu 'yan ƙalilan masu daraja ta musamman, waɗanda tun ana tsakiyar yaƙi aka zaɓe su ɗai-ɗai don an ga harbinsu ba ya kauce wa saiti, aka kai wa maƙeran Holland & Holland na birnin Landan suka ɗora musu madubin hangen nesa, aka miƙa wa gwanayen harbi, wato sojojin nan da kan laɓe su auna abokin gaba daga nesa. Sunan wannan bindiga No. 4 (T).

Mas'alar ta taso ne a 1954, yayin da ƙasashen ƙawancen NATO suka yi ittifaƙi a kan harsashi guda mai milimita 7.62, domin sojan wata ƙasa ya iya ɗura na maƙwabcinsa idan nasa ya ƙare. Sauran sojoji aka ba su sabuwar bindiga mai ɗura kanta, amma ita ba ta da natsuwar da harbin nesa ke bukata, saboda haka gwanayen suka ci gaba da riƙe tsohuwarsu da tsohon harsashinta na .303 shekara da shekaru, alhali kuwa lalura ce babba ga mai rabon kaya ya riƙa ɗawainiyar harsashi iri biyu.

Mahukunta suka jarraba abin da hankali ya fi saurin kawowa: a cire hancin tsohuwar bindiga, a sa mata wani mai kaurinsa ɗaya amma na sabon harsashi. Sakamakon bai yi daɗi ba, domin harbin ya riƙa warwatsuwa. Illar kuwa ita ce, duk sa'ad da aka ja kunama hancin bindiga kan yi karkarwar da ido ba ya gani, kuma siririn hancin nan da katakon da ya lulluɓe shi an daidaita su ne bisa ɗabi'ar tsohon harsashi. Da baƙo ya shigo sai lissafi ya rushe.

Abin al'ajabi, maganin ya fito ne daga hannun farar hula masu gasar harbi a filin Bisley, mutanen da kan ɓata yini suna huda takarda don sha'awa kawai, waɗanda suka gane cewa in an sa hanci mai kauri da nauyi, aka datse katakon gaba ya zama ba ya danne shi, tsohon jikin bindigar na da sauran ƙarfi ƙwarai. A ganina wannan ijtihadi nasu ya cancanci yabo fiye da yadda akan ba shi.

A 1970 da 1971 ma'aikatar makamai ta Enfield ta juya bindigogi dubu ɗaya da 'yan kai bisa wannan ƙa'ida, aka raɗa musu suna L42A1. An sauya gidan harsashi da ƙugiyar da ke fizgo kwanso, domin tsohon harsashi yana da leɓe a gindinsa, sabon kuwa tsagi ne da shi. Madubin ma an goge ma'auninsa na yadi aka rubuta na mita. Da ita aka yi aiki a Oman da Ayalan ta Arewa, har ta kai yaƙin tsibiran Falklan a 1982, tana kusan shekara arba'in da fitowa daga maƙera, kafin L96, wadda aka ƙera takanas don wannan aiki, ta gaje ta a tsakiyar shekarun 1980.