Maɓallan Yanke da Haruffa Masu Ƙugiya a Ofisoshin Bauchi

Kowace manhajar rubutu, wato shirin kwamfuta da ake buga takardu a cikinsa irin su Microsoft Word, tana zuwa da maɓallan yanke, waɗanda su ne maɓallai biyu ko uku da ake dannawa tare domin a gama aikin da in ba haka ba sai an bi jerin umarni da linzami. Masu ƙera manhajar su ke zaɓar waɗannan maɓallai tun kafin ta bar hannunsu, kuma ko da yake an bar wa mai amfani damar sauya su, kaɗan ne ke taɓa su, saboda haka zaɓin farko shi ke zama dokar da yatsun mutane suke bi. A unguwar GRA ta Bauchi, inda ofisoshin gwamnati da na ƙungiyoyin agaji suke da yawa, kuma inda ake shirya sanarwar rigakafi da takardun wayar da kan jama'a da Hausa, wannan zaɓi da aka yi a wata nahiya yana da hannu a yadda Hausar ke fitowa a takarda.

Yawancin waɗannan maɓallai sun samo asali ne daga na'urorin da aka daina amfani da su tuntuni. Larry Tesler da Tim Mott ne suka shigar da dabarar yanke rubutu da kwafe shi da liƙa shi a manhajar Gypsy, a cibiyar binciken Xerox da ke Kalifoniya, a tsakiyar shekarun 1970, sannan kamfanin Apple ya ɗora waɗannan ayyuka a kan X da C da V, da Z domin janye kuskure, a kwamfutocinsa Lisa ta 1983 da Macintosh ta 1984. Haruffan huɗu suna jere ne a layin ƙasa ta hagu, ta yadda hannun hagu zai kai gare su alhali na dama yana kan linzami. Kamfanin IBM ya fito da nasa tsarin a 1987, wanda ke liƙa rubutu da Shift da Insert, kuma har yau Windows tana karɓarsa, amma bai samu shiga a wurin jama'a ba. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, Bill Joy ya rubuta manhajar vi a kan wata na'ura mai suna ADM-3A, wadda aka zana kibiyoyi a kan maɓallanta na H da J da K da L, shi ya sa har gobe masu shirya manhaja da ke amfani da vi ko magajiyarta Vim suke zirga-zirga cikin rubutu da waɗannan haruffa.

Matsalar mai rubutun Hausa ta fi tarihin waɗannan maɓallai zurfi. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ sun kafu a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar da ta haifar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar a maimakon 'y ta Nijeriya. Duk suna da lambobinsu a tsarin Unicode, wato kundin da ya ba kowane harafi na duniya lamba guda, amma babu ko ɗaya a fuskar allon madannai da ake sayarwa a kasuwannin Bauchi. Mai buga takarda da ya so ya ƙirƙira wa kansa hanyar yanke zai fara tunanin haɗa Ctrl da harafin da ya fi kama, sai ya tarar duka huɗun suna da masu su a Word: Ctrl da B na kaurara rubutu, Ctrl da D na buɗe akwatin zaɓen salon haruffa, Ctrl da K na saka mahaɗar intanet, Ctrl da Y kuma na maimaita aikin da aka yi. In ya ƙwace ɗaya ya ba harafin Hausa, abokin aikinsa da ya zauna a kan kwamfutar gobe zai nemi kaurara kan takarda sai ya ga ɓ ta fito. Shi ya sa da yawa suke haƙura su buga b da d da k kawai, a bar mai karatu ya rarrabe kafa da ƙafa da kansa, abin da bai dace da takardar da ke magana kan lafiyar yara ba.

Ba Hausawa kaɗai ke fama da wannan karo ba. A 2015 wani ma'aikacin dandalin rubutu na Medium, Marcin Wichary, ya bayyana yadda harafin ś na harshen Folan ya ƙi fitowa a manhajarsu, saboda sun toshe Ctrl da S, alhali Windows tana ɗaukar maɓallin Alt na dama, wanda 'yan Folan ke fitar da harafin da shi, tamkar an danna Ctrl da Alt tare. Wanda ya tsara toshewar bai yi nufin cutar da kowa ba, harshen ne kawai bai zo masa a rai ba, kuma irin wannan mantuwa ta fi sauƙin faɗawa kan Hausa.

Mafita kuwa tana nan a cikin kwamfutocin da ke kan teburan ofisoshin. Tun daga Windows 7 da ta fito a 2009 akwai tsarin allon madannai na Hausa, wanda idan aka kunna shi a sashen harsuna, Alt na dama tare da b ko d ko k ko y ke ba da harafin mai ƙugiya, ba tare da an taɓa ko ɗaya daga cikin maɓallan Ctrl da hannu ya saba da su ba. Akwai kuma manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL, wadda kyauta ce. A Word ma ana iya buga 0199 a danna Alt da X sai ƙ ta bayyana, sai dai wannan hanya ce ta fita kunya a kalma ɗaya, ba ta buga shafi goma ba.

Ya kamata shugabannin ofisoshin GRA, da makarantun koyon kwamfuta, da masu shagunan buga takardu a Wunti da Yelwa, su kunna tsarin Hausa a kowace kwamfuta tun ranar da aka ɗora mata Windows, su kuma tsaya a kan tsari ɗaya domin akawun da ya sauya ofis kada ya koma ɗan koyo. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da za su ƙera manhajar rubutu nan gaba kuma, su bar Alt na dama ga haruffan harshe, kada su ɗora masa wani umarni.