Ƙaramin Lagireto Domin Sanyaya Man Giya

An shirya wannan bayani ne domin hakimai da magatakarda waɗanda aka danƙa wa amanar motocin aiki, musamman motocin nan masu sauya giya da kansu, waɗanda ake kira otomatik. Kamfanin General Motors na Amurka shi ya fara yaɗa irin wannan giya, a motocin Oldsmobile ƙirar 1940. Suna da sauƙin tuƙi, amma suna da babban maƙiyi guda, watau zafi.

Inda zafin ke fitowa

A irin wannan mota babu kulocin da direba ke takawa. Man giya ne ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa shi ga giya, shi ne kuma ke shafe ƙarafan ciki. Duk sa'ad da aka labta wa mota kaya, ko tana fama da yashi, ko hawan tudu, ko jan tirela, sai man ya ɗauki zafi ƙwarai. Ya fi yin aiki sosai in zafinsa yana wajen digiri 80 na ma'aunin Salshiyas. In ya haura 120 ya daɗe a haka, sai ya ƙone, robobin da ke tsare shi su ƙandare, giya ta fara suɓucewa.

Masu ƙera mota sun bi da man ta wani bututu a cikin lagireto domin ruwa ya sanyaya shi. Wannan ya isa ga mai bin kwalta ba kaya. Amma da bazara, lokacin da zafin rana a Sakkwato ko Maiduguri kan wuce digiri 40, motar rangadi mai bin hanyar ƙauye a hankali takan fi ƙarfin wannan bututu. A nan ne ake bukatar ƙara wani ƙaramin lagireto na man giya kaɗai, wanda iska ke sanyayawa.

Yadda ake ɗaura shi

Aikin bakanike ne, amma wajibi ne mai kula da mota ya san abin da zai duba.

1. A kafa shi a can gaba, inda iskar tafiya da ta fanka za su ratsa shi, a ɗaure shi kam kada ya goga jikin babban lagireto.

2. Tiyo biyu ne ke tsakanin giya da lagireto. A sa shi kan wanda ke mai da mai zuwa giya, ta yadda man zai fara bi ta babban lagireto, sa'an nan ƙaramin. Bayan ɗan tafiya, tiyon da ya fi sanyi shi ne na komowa.

3. Kada a yarda da tiyon fetur ko na ruwa, sai wanda aka yi domin man giya. A nisanta shi da salansa da duk wani ƙarfe mai kaifi, kada kuma a lanƙwasa shi har ya shaƙe.

4. A ƙara mai irin wanda littafin motar ya ambata, gama sabon lagireton zai shanye wani abu daga ciki. A yawancin motoci ana awon man ne a wuri mai lebur, inji na aiki, bayan ya ɗumama. Sa'an nan a duba kowane mahaɗi ko yana yoyo.

Gargaɗi

Wannan abu rigakafi ne, ba ya warkar da giyar da ta riga ta lalace. Lafiyayyen man yawancin motoci ja ne garau. In ya yi baƙi-baƙi yana ƙauri, a fara sake shi, a bincika giyar. In ya koma kamar an zuba masa madara, to, ruwa ya shiga ta lagireto, kada a motsa motar sai an gyara. Da hunturu kuwa a riƙa kaɗe ƙurar da ke toshe ƙofofinsa. Motar da direba ke sa wa giya da hannu galibi ba ta bukatarsa.

Ana roƙon magatakarda su rubuta ranar da aka ɗaura shi, da ranar kowane canjin mai, a littafin motar. Kuɗinsa kaɗan ne in an gwada da na sabuwar giya, balle wahalar tsayuwa a daji da mai haƙuri a cikin mota. Kula da kaya ya fi ban cigiya.