Warin Jiki da Ke Tona Asirin Cuta

Joy Milne, wata ma'aikaciyar jinya a ƙasar Sikotlan, ta daɗe tana yi wa mijinta Les ƙorafin cewa warin jikinsa ya canza. Wanka yake yi, tufafinsa fes, amma wani wari mai nauyi ya ƙi barin kafaɗunsa da ƙeyarsa. Sai bayan fiye da shekara goma likitoci suka tabbatar yana da cutar Parkinson, mai sa karkarwa da sanƙarewar gaɓoɓi. Ranar da ta raka shi taron masu irin wannan ciwo, tana shiga ɗakin ta ji warin nan ya cika ko'ina.

Wani masani a Jami'ar Edinburgh, Tilo Kunath, ya gwada ta da riguna 12, shida na majinyata, shida na masu lafiya. Ta gane majinyatan duka, ta kuma dage cewa ɗaya daga cikin masu lafiyar ma yana ɗauke da cutar. Aka ɗauka ta yi kuskure. Bayan wata takwas, asibiti ya tabbatar da maganarta.

Abin da hancinta ke kamawa wasu sinadarai ne marasa nauyi, masu saurin bin iska, waɗanda jiki ke fitarwa ta numfashi, gumi, fitsari da maiƙon fata. Duk aikin da ƙwayoyin halitta suka yi yana barin ɓurɓushi, kuma idan cuta ta taɓa aikin, ɓurɓushin ya sauya. Likitocin da can sun san haka. Mai ciwon suga da ya tsananta, numfashinsa kan yi ƙamshi kamar na 'ya'yan itace da suka nuna sosai, saboda sinadarin asiton. Wanda ƙodarsa ta gaza kuwa, bakinsa kan yi zarni. A 1971 Linus Pauling ya auna numfashin ɗan'adam da na'ura, ya samu sinadarai kusan 250.

A Afirka ma an yi nisa, da taimakon dabbobi. A Gambiya an bai wa yara 'yan makaranta safa suka kwana da ita, aka aika Birtaniya, aka shinshina wa karnukan da aka horar. Sakamakon da aka bayyana a 2018 ya nuna sun gane kusan kashi 70 cikin ɗari na yaran da ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, alhali yaran ba su nuna alamar ciwo ba. A Tanzaniya kuwa, ƙungiyar APOPO gafiya ta horar, gafiyar nan dai da manomi ke ɗana wa tarko. Tana bin kakin masu tari ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya cak a kan wanda ke da tarin fuka, a ba ta ladan ayaba. Samfur 100 take dubawa cikin kimanin minti 20, aikin da zai ci ma'aikacin ɗakin gwaji kwanaki. Duk wanda ta nuna, sai an sake tabbatar da shi da na'ura kafin a kira majinyaci.

Wahalar ita ce wari ba ya tsayawa wuri guda. Tafarnuwar da aka ci jiya, taba, turare, magani, har iskar ɗakin da aka yi gwajin, duk suna shiga lissafi. Shi ya sa binciken da ya yi kyau a kan mutum hamsin yakan rushe idan aka kai shi ga dubbai, kuma bai kamata a yi wa marasa lafiya alkawarin da bai nuna ba. Amma abin ya cancanci a zuba masa kuɗi: gwaji ne da ba allura, ba ɗibar jini, ba tsoro ga yaro.

Les ya rasu a 2015. Joy ta ci gaba da aiki da Farfesa Perdita Barran ta Jami'ar Manchester, wadda ta gano cewa warin yana cikin maiƙon fata ne. A 2022 ayarin Barran ya sanar da gwajin da ake goga auduga a bayan mutum, na'ura ta karanta sinadaran cikin minti uku.