Tsofaffin sojojin da suka koma 'yan agaji: wa ke tambayar kabarinsu?

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) labarin wata mata da ke share masallacin Manzon Allah (SAW). Da ta rasu aka binne ta ba tare da an sanar da shi ba, domin an ɗauki lamarinta ƙarami. Da ya daina ganinta sai ya tambaya, ya sa aka nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla.

Wannan hadisi ya kamata ya faɗo mana a rai duk ranar da aka ce wani dattijo cikin 'yan agaji ya kwanta dama a Tambuwal, Dogon Daji, Sanyinna ko Kebbe. Wasunsu tsofaffin sojoji ne. Yaƙin basasa ya fara a 1967 ya ƙare ranar 15 ga Janairu, 1970, kuma a tsakanin nan rundunar Najeriya ta tashi daga kimanin mutum 10,000 zuwa kusan 250,000. Saurayin da ya shiga yana ɗan shekara 18 a farkon yaƙin ya haura 75 yau, in yana raye. Ɗai-ɗai suke tafiya, kuma ba mu ƙirgawa.

Da suka ajiye bindiga suka dawo gida, wasu sun kawo abin da bariki ya koya musu ƙofar masallaci: kiyaye lokaci, bin umarni, ɗaukar mai rauni, tsayar da jini. Wannan alaƙa ta soja da aikin sa kai tsohuwa ce. Baden-Powell da ya kafa sikawut a Ingila a 1907 hafsan soja ne, kuma marigayi Sheikh Isma'ila Idris, wanda ya kafa Izala a Jos a 1978, limamin soja ne kafin nan. Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam ma kowacce na da rundunarta ta agaji.

Ku duba aikin nasu. Su ne a filin Idi tun kafin hantsi suna gyara sahu. Su ne a wurin tafsiri cikin Ramadan, da azumi a bakinsu, suna raba hanyar maza da ta mata. Idan mota ta kife a titin Sakkwato zuwa Jega, sau da yawa mai kakin agaji kan riga motar asibiti isa. Ba albashi, kakin ma galibi da kuɗinsa ya ɗinka. Akwai masu yi wa faretinsu dariya, har da ɗaliban ilimi, abin takaici. Su tuna Rufaida Al-Aslamiyya, wadda tantinta na jinya yake a masallacin Annabi, kuma can aka kwantar da Sa'ad bin Mu'az bayan raunin da ya samu a yaƙin Khandaƙ.

Haƙƙinsu a kanmu bai ƙare da kwana uku na zaman makoki ba. Irin wannan mutum yakan bar bashi, kuma shari'a ta gabatar da biyan bashi a kan rabon gado. Ya dace kwamitin masallaci ya tambaya, kada ya jira iyali su yi ƙarfin halin roƙo. Yakan bar takardun sallama da na fansho waɗanda matarsa ba ta iya karantawa, alhali ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion na nan, sai dai a samu mai raka ta. Waɗanda ke raye kuwa, ɗalibanmu masu wayoyi a hannu su zauna da su, su naɗi yadda aka fara agaji a garuruwansu, da sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Allah Ya jiƙansu, Ya haskaka makwancinsu, Ya kula da bayansu.