Layin Dogo Daga Kwatano Zuwa Faraku: Hanyar da Ta Ratsa Duwatsun Dassa da Sabe

Layin dogon da ya tashi daga Kwatano ya nufi arewacin Jamhuriyar Benin yana da tsawon kilomita 438, faɗin tsakanin ƙarafansa kuma mita ɗaya ne. Turawan Faransa suka fara shimfiɗa shi a 1900, lokacin ana kiran ƙasar Dahome, domin kwaso manja, ƙwarar kwakwa da auduga zuwa bakin teku. Aikin ya kai Sabe kafin yaƙin duniya na farko, amma bai isa Parakou ba, garin da Hausawa ke cewa Faraku, sai a 1936.

Tashar jirgin ta Kwatano ba ta da nisa da unguwar Zongo, shi ya sa fatake masu albasa, goro da dabbobi suka daɗe da sanin wannan hanya. In jirgi ya bar gari yakan bi ta Godome, inda har yau ake kiran wata unguwa da sunan tashar, sannan Pahu, mararrabar da wani reshe ya ɓalle zuwa Wida. Daga nan sai gonakin kwakwar manja da abarba na Allada, sai kwarin Lama mai baƙar laka, sai Bohikon kusa da Abome, tsohuwar fadar sarakunan Dahome.

Abin kallo na gaske yana farawa ne bayan an haye kogin Zu. Duhun itatuwan kudu ya ragu, sarari ya buɗe, kuka da kaɗanya su fara bayyana, sai ga manyan duwatsu sun taso daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wasu sumul kamar an kife ƙwarya, wasu ɗore kan juna kamar hannu ne ya jera su. Garin Dassa-Zume, wanda ake wa laƙabi da mai tuddai 41, yana kwance a gindinsu. A kan irin waɗannan duwatsu ne mutanen yankin suka riƙa fakewa zamanin hare-haren mayaƙan Dahome masu neman bayi. Can gaba jirgi ya tsallake kogin Weme, sannan duwatsun Sabe su bayyana tun daga nesa, masu ƙoƙuwa a mulmule. Da damina ciyawa kan lulluɓe gindinsu kore shar. Da hunturu kuwa hazo kan rufe su, sai inuwarsu kaɗai ake hange. Ba dogayen tsaunuka ba ne, amma ga wanda ya fito daga rairayin bakin teku, nan ne zai fara jin ya doshi arewa.

A zamanin da jirgin fasinja ke aiki, tafiyar kan ci yini guda ko dare guda, kuma kowace tasha kasuwa ce: mata na miƙo doya, garin rogo da gyaɗa ta taga, ana ciniki da sauri kafin a busa.

Tsaunukan Atakora na arewa maso yamma, waɗanda suka fi waɗannan tsawo, dogo bai taɓa kai musu ba. Bai kai Nijar ba ma, duk da cewa tun 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa don gudanar da shi, wadda daga baya aka sani da OCBN. A da, a Faraku ake sauke kaya daga tarago a ɗora wa manyan motoci, su bi ta Malanbil da Gaya zuwa Yamai.

Tsufan taragu da ƙarafa, da gogayyar motocin safa a kan kwalta, su suka kwantar da jigilar fasinja a tsakiyar shekarun 2000, abin takaici ga ƙauyukan da tasha ce ƙofar abincinsu. A shirin haɗa Nijar da wannan layi, kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, aka ƙaddamar a 2016, amma shari'a tsakaninsa da kamfanin Petrolin na ɗan kasuwar Benin Samuel Dossou ta tsayar da shirin, kuma ba a haɗa Doso da Faraku da dogo ba.